Armand Peugeot: Maƙerin da Ya Bar Mana Fijo

Duk wanda ya yi wayo a Keffi kafin 1996, wato lokacin da muke cikin Jihar Filato, ya san cewa idan aka ce tafiya Jos, to maganar Fijo ake yi. Ma'aikacin da zai bi sawun fayil ɗinsa a hedikwata, da ɗalibin da zai je neman sikolashif, da 'yar kasuwar da za ta saro dankalin Turawa, duk a tasha suke haɗuwa. A cika wagon 504 maƙil, but ɗinta ya ƙi rufuwa sai an ɗaure da igiya, a bi ta Garaku a faɗa Akwanga, sannan a fara hawan tsaunuka. Doya da dawa kuwa akori-kura ce ke fito da su daga ƙauyuka, a kan hanyar burji mai gargada wadda ƙaramar mota ba ta isa ta taka ba. Har yanzu idan tsofaffin direbobi da makanikai suka zauna hirar mota mai ƙwari, da wuya a tashi ba a ambaci 404 da 504 ba.

Mu ɗaliban harshe akwai abin lura a ita kanta kalmar. Faransawa suna rubuta sunan da harufa bakwai, Peugeot, amma ba sa furta t ɗin ƙarshe, g kuma suna lanƙwasa ta ta fito kusa da j ɗinmu. Bahaushe ya ɗauki p ya mayar da ita f, kamar yadda ya yi a fensir da fasinja da famfo. Wasalin da ke gaɓar farko babu irinsa a Hausa, sai ya sa i a gurbinsa. Da ta takarda kalmar ta shigo, da wani abu daban muke faɗa yau. Ta kunne ta shigo, daga bakin direba zuwa bakin yaron mota, shi ya sa Fijo ta fi kusa da furucin masu abin a kan yadda wasu 'yan boko ke lauya ta.

Sunan dai na wani gidan maƙera ne a Faransa, kuma a cikin gidan mutum ɗaya ne ya kafe sai an yi mota, alhali 'yan'uwansa na ganin ɓarnar dukiya ce. Shi ne Armand Peugeot. Ya rasu shekara sittin cif kafin a buɗe masana'antar Fijo ta Kaduna, bai ga 404 ba balle 504. To amma sunan ƙwarin da motar ta yi a hanyoyinmu, idan aka bi salsalarsa, a hannunsa za a tsaya.

Gidan da ya taso a ciki

Gidan Peugeot na yankin Montbéliard ne, a gabashin Faransa, dab da iyakar Suwizalan. Kiristoci ne 'yan ɗariƙar Furotesta a ƙasar da mafi yawan jama'arta Katolika ne, kuma an san su da tsimi da riƙon sana'a. A 1810, wato 'yan shekaru bayan Abdu Zanga ya kafa Keffi, wasu 'yan'uwa biyu, Jean-Pierre da Jean-Frédéric, suka mayar da injin niƙan hatsin da suka gada a kusa da garin Hérimoncourt ya koma maƙera. Gwanintarsu ita ce murza ƙarfe ya yi fale-fale, ya lanƙwasu ba tare da ya karye ba. Da irin wannan ƙarfe suka riƙa yin ruwan zarto da sifirin na agogo. A 1840 suka fara injin niƙa kofi na hannu, daga baya suka shiga ƙarafunan laima. Da yayin wani siket mai faɗi ya zo wa matan Turai a shekarun 1850, wanda ake sa masa zoben ƙarfe a ciki ya buɗe kamar an kife kwando, gidan Peugeot ne ya yi ta ƙera zoben, ya kuwa samu kuɗi ba kaɗan ba. A 1874 aka ƙara da ɗan injin niƙa masoro, wanda har yau ana yin sa da sunan gidan.

Zakin nan da muke gani a goshin Fijo ma ba don mota aka yi shi ba. Don zarto aka yi shi. Émile Peugeot, ɗan Jean-Pierre, shi ya sa wani maƙerin zinariya ya zana masa, aka yi masa rajista a 1858. Manufar ita ce ko mai sayen da bai iya karatu ba ya gane zarton gidan: haƙora masu ƙarfi, ruwa mai lanƙwasuwa kamar gadon bayan zaki, da saurin yanka.

Shi wannan Émile shi ne mahaifin Armand, wanda aka haifa a 1849. Yaron ya buɗe ido ya ga mahaifinsa da baffansa Jules suna tafiyar da kamfanin tare, ƙarar guduma da ƙaurin ƙarfe su ne abin da ya tashi da su. A samartakarsa ya zauna a Ingila, a garin Leeds, lokacin da Ingila ke gaban kowace ƙasa wajen injuna. A can ya ga yadda ake tsara babbar masana'anta, ya kuma ga yadda keke ya fara shiga ran mutane. Ya yi aure a 1872, ya auri Sophie Léonie Fallot. Bayan shekara biyu mahaifinsa ya rasu, ragamar gidan ta koma hannun Armand da ɗan baffansa Eugène, ɗan Jules, wanda ya girme shi da shekara biyar.

Halinsu ya sha bamban. Eugène mutum ne mai taka-tsantsan, wanda ba ya sakin na hannu don na hange. Armand kuwa da ya ga sabon abu sai ya taɓa. Muddin zarto da injin kofi ake yi, wannan bambanci bai dami kowa ba, hasali ma ya yi wa gidan amfani, ɗaya na ja ɗaya na taka birki.

Daga keke zuwa tururi

Armand ya fara cin nasara a kan keke. Hujjarsa mai sauƙi ce: gidan da ya iya jan waya don zoben siket da laima, ai ya iya yin sifok ɗin taya. Yayin siket ɗin kuma ya riga ya wuce, injuna na zaune. A 1882 suka fitar da kekensu na farko, irin mai ƙatuwar taya a gaba da 'yar mitsitsiya a baya, feda a jikin tayar gaba, mahayi can sama kamar wanda ke kan raƙumi. Faɗuwa daga kansa ba wasa ba ce. Cikin 'yan shekaru aka koma keke mai sarƙa da tayoyi daidai wa daida, irin wanda muka sani, masana'antarsu ta Beaulieu ta riƙa fitar da dubbai a shekara. Eugène ya ga riba, ya yi shiru.

Shi kuwa Armand hankalinsa ya riga ya yi gaba. Tunda an samu ƙafa mara nauyi mai jure hanya, me zai hana a ɗora mata inji? Injin da kowa ya sani a lokacin na tururi ne, irin na jirgin ƙasa. Sai ya haɗa kai da wani matashin injiniya, Léon Serpollet, suka ƙera keke mai taya uku da ke tafiya da tururi, suka kai shi babban bajekolin duniya da aka yi a Faris a 1889, wanda dominsa aka gina hasumiyar Eiffel. Guda huɗu kacal aka yi. Abin ya yi nauyi, ga tukunyar ruwa, ga wuta da sai an yi ta ciyar da ita. Armand bai tsaya kare kuskurensa ba. Wannan hali nasa ya burge ni fiye da kafiyarsa da ake yawan ambata: da ya ga tururi ba zai kai shi ba, nan take ya sake shi.

A wannan bajekolin ne wani Bajamushe, Gottlieb Daimler, ya nuna ɗan ƙaramin inji mai shan fetur, mara nauyi, mai saurin juyawa. Izinin ƙera injin Daimler a Faransa yana hannun wata bazawara, Louise Sarazin, wadda ta gaje shi daga mijinta. A 1890 ta auri Émile Levassor na kamfanin Panhard et Levassor, masu ƙera injunan yankan katako a Faris, izinin ya bi ta zuwa can. Masu injin yankan katako da masu ruwan zarto ba baƙin juna ba ne. Aka daidaita: Levassor zai ƙera inji, Armand zai saya ya ɗora a kan abin hawan da ya ƙera. Haka aka samu Peugeot ta farko mai fetur a 1890, taya huɗu irin na keke, inji a baya mai ƙarfin doki biyu ko ƙasa da haka, babu sitiyari sai wani hannu da ake karkatawa. Wadda ta biyo ta a 1891, fasinjoji fuskantar juna suke yi, direba na leƙen hanya ta saman kafaɗar na gabansa.

Gwaji a kan hanya

A nan ne abin da ya shafe mu ya fara. Mutanen lokacin ba su ɗauki mota abin tafiya ba. Abin wasan masu kuɗi suka ɗauke ta, a zaga gari a tsorata dawaki a dawo. Armand ya fahimci cewa ba a sayar da irin wannan abu da daɗin baki, sai an gan shi ya yi doguwar tafiya ya dawo da ƙafarsa.

A watan Satumba na 1891 jaridar Le Petit Journal ta shirya tseren keke daga Faris zuwa Brest da dawowa, kimanin kilomita 1,200. Armand ya roƙi mai shirya tseren, Pierre Giffard, ya bar motarsa ta bi bayan masu keke, domin alƙalan da aka jera a hanya su zama shaida. Ma'aikatansa biyu ya tura, injiniya Louis Rigoulot da Auguste Doriot. Ba a jirgin ƙasa aka kai motar Faris ba, tun daga masana'antar Valentigney suka tuƙo ta. Babu gidan mai ko ɗaya a hanya, sai da aka tanadi fetur a wurare tun kafin su tashi. Kusa da Morlaix giya ta lalace, suka yi asarar yini guda suna gyara da kayan aikin da suka samu a ƙauye. Kafin su isa Brest, Charles Terront da ya ci tseren ya riga ya koma Faris a kan kekensa. Wato dai keke ya tsere wa mota fintinkau. Amma motar ta je Brest, ta dawo Faris, ta koma gida Valentigney, tafiyar da ta haura kilomita 2,000, ta fi nisan Legas zuwa Maiduguri. Babu motar fetur da ta taɓa yin haka kafin nan. Ba gudu aka nuna ba, juriya aka nuna, da kuma cewa idan ta lalace a daji mutum biyu za su iya tayar da ita. Duk direban da ya taɓa kwance kafireton 504 a gindin bishiya tsakanin Keffi da Nasarawa ya san darajar wannan.

Masu saye suka fara zuwa. A 1892 an yi mota 29. Ɗaya daga cikin na wannan shekarar Afirka ta zo, domin Bey na Tunis, sarkin Tunisiya na lokacin, ya sa an yi masa tasa ta musamman, aka yi mata ado da zanen furanni.

A watan Yuli na 1894 jaridar nan ta sake shirya gasa, wannan karon ta motoci zalla, daga Faris zuwa Rouen, kilomita 126, kusan nisan Keffi zuwa Lafiya ta Akwanga. Motar tururi ta De Dion ce ta fara isa, bayan kusan awa bakwai, Peugeot ɗin Albert Lemaître na biye da ita da 'yan mintoci. Alƙalai suka hana De Dion babbar kyauta saboda motarsa sai da mai zuba mata gawayi, aka raba kyautar tsakanin Peugeot da Panhard et Levassor. A 1895 aka yi ta Faris zuwa Bordeaux da dawowa. Levassor da kansa ya riga kowa, amma motarsa mai kujera biyu ce, ƙa'ida kuwa ta ce huɗu, sai kyautar ta faɗa hannun Paul Koechlin mai tuƙa Peugeot. A wannan tseren ne 'yan'uwan nan Michelin suka gwada tayar iska a jikin mota, a kan wata Peugeot da suka gyara. Ta yi ta faci har ba adadi, amma daga nan tayar roba dasƙararriya ta fara ban kwana.

Rabuwa

Duk wannan suna bai sauya ra'ayin Eugène ba. Kuma a gaskiya bai kamata mu yi masa dariya ba don mun san yadda labarin ya ƙare. A 1894 mota 40 aka yi, a 1895 aka yi 72. Gidan da ke sayar da kekuna dubbai da kayan aiki ba iyaka, yana ciyar da iyalai masu yawa a kwarin nan nasu, an ce ya kwashi jarinsa ya zuba a abin da attajirai ƙalilan ke saye don nishaɗi. Kamfanonin mota da yawa da aka kafa a Faransa a wancan zamani ko sunansu ba a tunawa yau. Eugène amanar gida yake karewa. Kuskurensa ɗaya ne, ya auna kasuwar gobe da mudun yau.

Da abin ya ƙi daidaituwa sai aka raba gari. A watan Afrilu na 1896 Armand ya kafa kamfaninsa na kansa, Société Anonyme des Automobiles Peugeot. Aka rubuta yarjejeniya: shi ba zai yi keke ko kayan aiki ba, su kuma ba za su yi mota ba. Tambarin zaki ya zauna a gidan Eugène. Ke nan motocin da Armand ya yi da sunansa a waɗannan shekaru ba su ɗauke da zakin da muke gane Fijo da shi. Ya bar inuwar da kakansa ya dasa, ya koma gina masana'anta daga tushe a Audincourt, tafiyar 'yan kilomitoci daga ta 'yan'uwansa.

A cikin wannan shekara ta 1896 ɗansa Raymond ya rasu. 'Ya'ya biyar Allah ya ba shi, Raymond ne kaɗai namiji. A al'adar gidan, ɗa namiji ke gadon masana'anta. Mutum ya rabu da danginsa don ya gina abin da zai bar wa ɗansa, ɗan kuma ya riga shi tafiya tun ginin bai tashi ba. Bai fasa ba.

Abin da ya yi a shekarar shi ne, a ganina, mafi muhimmanci a duk rayuwarsa ta sana'a. Har zuwa lokacin zuciyar motarsa ta aro ce. Daimler ke da fasahar, Levassor ke ƙerawa, Levassor ɗin nan kuma ya riga ya fara sayar da motocinsa, ya zama abokin hamayya. Duk ranar da ya ga dama zai iya ƙara kuɗi ko ya jinkirta kaya. Armand ya sa Rigoulot ya zana musu injinsu na kansu, mai silinda biyu a kwance, aka daina sayen na Daimler. Shekara shida ke nan tsakanin ɗora injin aro da ƙera na gida. Mai karatu ya riƙe wannan lissafi, za mu dawo kansa.

Daga nan aiki ya buɗe. Aka ƙara wata masana'anta a Lille, a arewacin Faransa. A 1898 an yi mota 156, a 1899 aka yi 300. Da sabon ƙarni ya kama sai inji ya koma gaba, sitiyari ya maye gurbin hannun karkatawa, mota ta fara kama da wadda muka sani. Don mu gane zamanin da ake magana, a watan Oktoba na 1902 ne Magaji Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney a nan Keffi ya nufi Kano a kan doki, abin da Turawa suka fake da shi suka ci Kano a 1903. Babu hanyar mota ko ɗaya a ƙasar nan tamu a lokacin.

Sulhu da rasuwarsa

Abin dariya, 'ya'yan Eugène uku, Pierre da Robert da Jules, ra'ayin baffansu Armand suka ɗauka, ba na mahaifinsu ba. Sun fara da babur, sannan suka nemi izinin Armand su yi ƙananan motoci, suna biyan sa diyya duk shekara. Daga 1906 motocinsu suka shiga kasuwa da sunan Lion-Peugeot, su ne kuma suka fara ɗora zaki a jikin mota. Aka wayi gari Peugeot biyu na gogayya a kasuwa ɗaya. Eugène ya rasu a 1907. Armand ba shi da magaji, yaran kuwa ga ƙuruciya ga son mota. A 1910 aka haɗe kamfanonin biyu, dukiyar da ya fita ya tara ta koma hannun 'ya'yan mutumin da ya ce ba za ta yiwu ba. Robert ne ya zama jagora, Armand ya janye daga shugabanci a 1913.

Ya dai ga amfanin shukarsa kafin ya tafi. A 1912 aka buɗe masana'antar Sochaux, wadda ta zama cibiyar kamfanin. Aka fitar da 'yar ƙaramar mota mai suna Bébé wadda Ettore Bugatti ya zana, aka yi fiye da 3,000. Wasu direbobin tsere uku da wani mai zane, Ernest Henry, waɗanda injiniyoyin kamfanin ke yi wa kallon 'yan buga-buga, suka ƙera injin tsere mai bawul huɗu a kowace silinda, tsarin da injunan zamani ke bi har yau. Da shi Georges Boillot ya ci babban tseren Faransa a 1912 da 1913, Jules Goux kuma ya je Amurka ya ci na Indianapolis a 1913.

Sai Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a watan Agusta na 1914. Masana'antu suka koma yin manyan motocin soja da harsasai. A watan Oktoba Jamusawa suka mamaye Lille, masana'antar da ya gina a can ta faɗa hannunsu. Tana hannunsu Armand ya rasu a farkon 1915, a Neuilly-sur-Seine kusa da Faris, yana da shekara 65, shekara guda bayan Lugga ya haɗe Kudu da Arewa.

Yadda sunan ya iso gare mu

Lambobin da muke kiran Fijo da su sun fara ne a 1929 da 201: lamba uku, sifiri a tsakiya. Kamfanin ya riƙe wannan tsari da ƙarfi, har ya sa Porsche ta sauya sunan motarta daga 901 zuwa 911 a 1964. An fitar da 403 a 1955, sai 404 a 1960, shekarar da Nijeriya da Nijar suka samu 'yancin kai, sai 504 a 1968. Abin da ya sa suka dace da mu ba boyayye ba ne. Tayoyin baya ke ja, cikinsu ya ɗaga daga ƙasa, ƙafarsu na da dogon numfashi a rami da gargada, injin kuma a fili yake, bakanike mai sifana da sukundireba zai iya da shi. Kamfanin ya kuma bi tafarkin 1891, ya kai motocinsa inda hanya ta fi muni don a gani. A gasar Safari ta Gabashin Afirka 404 ta yi nasara a 1963 da 1966 da 1967 da 1968, 504 kuma ta ci a 1975 da 1978.

Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin, aka yi wa Peugeot Automobile Nigeria rajista a ƙarshen 1972, aka buɗe masana'antar a Kakuri, Kaduna, a watan Maris na 1975. Zamanin kuɗin fetur ne, aka kafa Volkswagen a Legas, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan, Mercedes a Inugu. Tashar jiragen ruwan Legas ta cushe a lokacin, don haka ta sama aka riƙa kwaso sassan Fijo daga Lyon zuwa filin jirgin saman Kano, a ɗora a manyan motoci zuwa Kaduna. Bayan kisan Janar Murtala a 1976, gwamnatin Obasanjo ta ɗauki manufar rage facaka, 504 ta zama motar manyan jami'an gwamnati. Ma'aikaci ya karɓi bashin mota ya sayi Fijo, ɗan kasuwa ya sayi wagon ya ba direba, manomi mai hali ya sayi akori-kura. A farkon shekarun 1980 Kaduna na fitar da motoci dubun-dubata a shekara.

To ga inda lissafin nan na shekara shida ya dawo. An samu wasu kayan a cikin gida, kamar taya da batir da fenti da kujeru, amma inji da giya daga Faransa suke zuwa, da kuɗin waje ake biya. Da farashin fetur ya faɗi, aka karya darajar naira a 1986, kuɗin sabuwar Fijo ya fi ƙarfin albashin wanda da shi ne mai sayenta. Motocin Kwatano suka cike gurbin. Kaduna ta ci gaba da harhaɗa 504 har tsakiyar shekarun 2000, fiye da shekara ashirin bayan Faransa ta daina yin salun ɗinta, amma kasuwa ta riga ta kuɓuce. A 2006 gwamnati ta sayar da mafi yawan hannun jarinta ga ASD Motors, a 2012 kuma hukumar AMCON mai karɓar basussukan bankuna ta karɓe kamfanin. Michelin ta rufe masana'antar tayarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi sahu a Legas. Armand ya ga haɗarin dogara da injin wani tun yana yin mota saba'in a shekara. Mu mun yi shekara talatin muna ɗaura zuciyar aro a ƙirjin mota, muna kiran ta tamu.

Su ma jikokin gidan ba su tsira da mulkin kamfanin ba. Bayan sun haɗiye Citroën a tsakiyar shekarun 1970, asara ta tilasta musu a 2014 suka bar gwamnatin Faransa da kamfanin Dongfeng na Sin suka shigo da jari daidai da nasu. A 2021 aka haɗe da Fiat Chrysler aka samu Stellantis, Peugeot ta zama suna ɗaya cikin sunaye goma sha huɗu. A 2022 wani sabon kamfani, Dangote Peugeot Automobiles Nigeria, ya fara harhaɗa motocin a wata sabuwar masana'anta a hanyar Kaduna zuwa Abuja.

A tashoshin Keffi kuwa, Sharan da direbobi ke kira Sharon, da Golf da Sienna, su suka karɓe lodin Akwanga da Lafiya da Mararraba. Fijon da aka fi gani a gari ita ce 406, a kan babbar hanya kuma J5 na wucewa da buhunan kaya har saman rufi. Wagon 504 sai jefi-jefi, galibi ranar kasuwa, fenti ya koɗe, ƙofa sai an ɗaga kafin ta rufu, bayanta ya zauna saboda nauyin doya, tana fitowa daga hanyar ƙauye.